Kakar ƙwallo ta wuce, ga abin da na tara

Ypsilanti, Jihar Mishigan
Lahadi, 28 ga Janairu, 2024

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya sauka? Ni lafiya ƙalau nake, sai sanyi, shi kuma lokacinsa ne. Na zauna na rubuto maka da tsawo ne saboda waya ba ta isarmu. Da mun fara magana sai layi ya katse, ko ka ce akwai mutane kusa da kai. Wannan ka karanta a natse. Inda ya shafi Inna ka karanta mata, inda ya shafi Auta ka kira shi ka zaunar da shi a gabanka.

Da farko maganar kuɗi. Jiya Asabar na turo dala 1,500 ta hannun Alhajin da muka saba. Gobe Litinin ka je Wapa da kanka, kada ka aiki yaro. Tunda dala ta haura naira dubu ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, ka ji farashi a wuri biyu ko uku kafin ka karɓa. Zan faɗa maka yadda za a raba su, amma tun yanzu ka riƙe wannan a ranka: ba kuɗin wata ɗaya ba ne, na watanni ne. Mai kauri irin wannan ba za ka sake gani daga hannuna ba sai ƙarshen damina, in Allah ya kai mu.

Sai maganar da ta hana ni barci. Daren Laraba mai ɗakina ta kira ni tana kuka. Wai a gidan sunan jikar Gwaggo an zauna ana miƙa waya hannu zuwa hannu ana kallon hotona: ga ni cikin Turawa da hula mai harafi, da kofi a hannu, ga Baturiya a gefena. Wai na yi aure a ɓoye. Wai caca nake yi a kan ƙwallo, shi ya sa ginin ya tsaya a linta. Yaya, kai ma ka ji maganar nan, kuma ba ka tambaye ni ba. Shirun da ka yi ya fi mini zafi a kan abin da matan suka faɗa.

To bari in ba ka labarin ƙwallon daga tushe, wato ƙwallon Amurka da ake yi da hannu, don ka san inda kuɗin da ke hannunka suka fito.

Garin Ann Arbor da nake aiki a cikinsa ba wani babban gari ba ne, mutanensa ba su wuce dubu 120 da 'yan kai ba. Jami'ar Mishigan ce garin, garin kuma shi ne jami'ar. Amma jami'ar tana da filin ƙwallon da ke cin mutum 107,601, babu wanda ya kai shi girma a duk Amurka, su da kansu Babban Gida suke ce masa. Tun 1927 aka buɗe shi. In ka tsaya daga waje ba za ka ce wani abu ba ne, domin yawancinsa a cikin ƙasa aka haƙa shi kamar ƙaton kwano. Kuma tun 1975, in ka cire shekarar korona, ba a yi wasa a cikinsa ba face 'yan kallo sun haura dubu ɗari. Ka lissafa da kanka: ranar wasa, kusan wani gari ne guda yake zuwa ya sauka a kan garin. Duk waɗannan mutane suna bukatar wanda zai ɗauko su daga filin jirgin Detroit, ya kai su masauki, ya kai su bakin fili, ya dawo da su. Ni ne wannan mutumin, ni da ire-irena.

Ba kullum ake wasan ba. Ranar Asabar ce kawai, daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, wasa 12, kuma a kakar da ta wuce bakwai ne kacal aka yi a gida. Asabar bakwai, Yaya. Su ne kakata. Yadda marigayi Baba yake cewa abin da ba ka shigar rumbu ba kafin hunturu, to ba naka ba ne, haka nake lissafin waɗannan ranaku. Abin da nake samu daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi a makon wasa ya fi na makonni biyu na sauran lokaci, duk da kason da kamfanin manhajar kiran mota yake zaftarewa. Ba mu kaɗai ba. Masu gidaje kusa da filin har farfajiyar gidansu suke bayarwa haya a ajiye mota a kan ciyawa. Tun da sassafe za ka ga an kafa rumfuna a bayan motoci ana gasa nama, kowa sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa. Shi wannan ruwan ɗorawar ma launin masara suke ce masa. Ranar da na fara jin haka sai gonarmu ta faɗo mini.

Hoton kuwa ga yadda aka yi. Akwai wani dattijo da nake ɗaukowa daga Dearborn duk ranar wasa, tun bara waccan. Ya haura saba'in. Kujeru biyu yake da su a filin, nasa da na matarsa, shekara da shekaru suna zuwa tare, sai matar ta rasu. Ranar 14 ga Oktoba, wasan Indiyana, ana ruwa tun safe, jikansa da zai raka shi ya fasa. Da muka iso sai ya ce in ajiye mota in shigo, ba ya son ya zauna kusa da kujerar babu kowa. Na yi ta lissafin fasinjan da zan rasa, amma na dubi fuskarsa na kasa ce masa a'a. Sisi ban biya ba. Hular shi ya ba ni saboda ruwa. Abin da ke cikin kofin shayin cakuleti ne mai zafi, domin a kakar nan ko sayar da giya ba a yi a cikin filin. Matar da ke gefena ban san ta ba, ban san sunanta ba, benci ne dogo kowa da lambarsa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Kafin in shiga sai da na yi alwala, da aka tafi hutun rabin lokaci na nemi lungu a ƙarƙashin matattakala na shimfiɗa rigar ruwata na yi azahar. Kuskurena ɗaya, na ɗora hoton a Facebook don Auta ya gani. Na cire shi.

Caca kuwa, gaskiya ne ta halatta a dokar jihar nan, tallarta ko'ina, a rediyo da talabijin da allunan kan hanya. Wallahi tallahi ban taɓa sa ko kwabo ba. Ka faɗa wa Inna da bakinka cewa na rantse. Ginin ya tsaya ne saboda kuɗin siminti sun tafi asibiti a watan Disamba, kai ka fi kowa sani, kai ka riƙe rasit. In Gwaggo tana son bayani ta zo wurinka, kada ta ƙara tsare mini mata a gidan biki. Yarinyar nan shekara huɗu tana zaune da yara ba miji, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A bar ta ta ji da abu ɗaya.

Amma ba zan ɓoye maka ba, da na shiga filin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ka tuna ranar da ka ɗauke ni a kan keke muka je Ƙofar Mata kallon Pillars, ina riƙe da rigarka don kada in ɓace? To wannan ya ninka shi ban san sau nawa ba. In mutum dubu ɗari suka yi ihu lokaci guda, a ƙirji kake jin abin, ba a kunne ba. 'Yan badujalarsu kaɗai sun kai ɗaruruwa, duk ɗalibai. Indiyana ce ta fara ci, dattijon ya dafa gwiwata ya ce in kwantar da hankalina. Aka tashi 52 da 7. Tun daga ranar na daina kashe rediyon mota in ana wasa.

Kuma kaka ce da su kansu 'yan garin suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Wasa 15, ba a doke su ko sau ɗaya ba. Kocinsu, Jim Harbaugh, wasa shida aka yi ba ya bakin fili: uku na farko jami'ar ce ta dakatar da shi, uku na ƙarshen zagaye kuma hukumar gasarsu ce, su waɗannan na ƙarshen bisa zargin cewa wani ma'aikacin ƙungiyar yana satar alamomin da abokan hamayya ke yi wa 'yan wasansu. Ana gobe za su kara da Penn State aka sanar, suna cikin jirgi. Mataimakinsa Sherrone Moore, baƙar fata, shi ya riƙe ƙungiyar, suka ci 24 da 15, da aka tashi yana magana da 'yan jarida yana hawaye. Mako na gaba suka doke Maryland, nasara ta 1,000 a tarihinsu, babu jami'ar da ta riga su kai wannan adadi.

Sai ranar Ohayo, 25 ga Nuwamba. Ka san ranar, ko ban faɗa ba.

Tsakanin Mishigan da Ohio State, wato jami'ar Jihar Ohayo, gaba ce ta kaka da kakanni, duk shekara da wasansu ake rufe zagaye, kuma a wannan karon dukansu babu wanda aka taɓa dokewa. Tun ranar Juma'a nake jigila daga filin jirgi. Asabar ƙarfe huɗu na asuba na fita. Masu jajayen kaya 'yan Ohayo, masu shuɗi 'yan gida, wani lokaci a mota ɗaya, miji da mata kowa da nasa. Ƙarfe 12 na rana aka take wasa, wato shida na yamma a wurinku. Na ajiye mota a wani layi na ci burodi ina sauraron rediyo. Mutum fiye da dubu 110 ne a ciki, daga inda nake ina jin gurnaninsu kamar hadari na tasowa. Aka tashi 30 da 24, Ohayo na neman ramawa a minti na ƙarshe wani yaro mai suna Rod Moore ya cafe ƙwallon a sama. Shekara uku ke nan a jere suna doke su. Mutane suka ɓarke suka cika tituna, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa.

A daidai wannan lokacin ka fara kira. Wayar tana manne a gaban sitiyari, da ita nake ganin hanya, da ita nake karɓar fasinja. Sunanka ya sauko ya rufe taswirar, ga mutum huɗu a mota suna waƙa, na sa yatsa na kawar. Ya sake saukowa na sake kawarwa. A raina na ce maganar siminti ce, za ta jira. Sau tara, Yaya. Na ƙirga daga baya. Sai ƙarfe biyu na dare da na tsaya a gidan mai na buɗe saƙonka na murya, na ji hayaniyar asibiti a bayanka, na ji kana cewa Inna ta faɗi a banɗaki. Na zauna a motar nan ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na kira ka ba ta wayar, gari ya waye a wurinku, abin da ta fara tambayata shi ne ko na ci abinci.

Ranar ce na fi samun kuɗi tunda na zo ƙasar nan, kuma kuɗin ranar ne aka biya gadon asibiti da su. Na sha faɗa wa kaina haka, bai sa na ji sauƙi ba. Kai ka ɗauke ta a bayanka zuwa bakin titi, kai ka kwana a kan tabarma a barandar asibiti kwana shida. Ni aike kawai na yi. In ka ga ina yawan cewa a yi kaza kada a yi kaza, ba raina ƙoƙarinka na yi ba. Ka yafe mini kiran nan tara. Yanzu na sayi ƙaramar waya ta biyu, lambarta na turo maka, ta gida ce kawai. In ta yi ƙara ko a kan babbar hanya nake zan gangara gefe.

Dala 300 daga cikin kuɗin nan na maganin Inna ne, na hawan jini da na ƙafa. A saya na wata uku a kantin da likitan ya nuna, ba wurin masu tallar magani a tasha ba. Kada a taɓa su don wani abu, ko da rance ne na kwana biyu.

Yanzu Auta. Ka kira shi.

Auta, na ji saƙonka, na kuma ji na mutumin da ya ce zai samo maka gurbin ƙwallo a jami'ar Amurka in an ba shi kuɗin fom da na biza. Ka saurare ni da kyau, ni da nake ganin abin da idona. Da farko, ƙwallon da nake ba ka labari ba irin wanda kake bugawa a filin makarantar firamare ba ne. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wannan da hannu ake yinsa, ƙwallon ma doguwa ce kamar gwanda. Mutum 11 kowane ɓangare, da hular kwano da sulke a kafaɗa. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma, in kun ci a sake ba ku huɗu, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ita ya ci maki shida, in aka buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna maki uku. Minti 60 ne a agogo, amma sai a shafe fiye da awa uku. Waɗanda ke tsayawa a layin gaba kowannensu ya yi biyunka a nauyi, aikinsu su yi karo kamar raguna.

A wasan Ohayo ɗin nan, ɗaya daga cikin manyansu, Zak Zinter, ƙafarsa ta karye a tsakiyar fili, a kan ƙaramar mota aka fitar da shi, filin gaba ɗaya na kiran sunansa. Da aka ci gaba da wasan, nan take Blake Corum ya ruga da ƙwallo ya ci, ya ɗaga yatsu yana nuna lambar rigar abokinsa, 65. Abin ya taɓa ni, amma shi Zinter bai sake buga wasa ba har aka ɗauki kofi. Akwai kuma ɗan ƙasarmu da ya yi wasa a nan, David Ojabo. A Najeriya aka haife shi, ya tashi a Sikotlan, ya zo makarantar sakandare a Amurka, a can ya fara wannan ƙwallon, daga nan jami'a ta ɗauke shi. Ya yi suna a 2021. Ana saura 'yan makonni ƙungiyoyin ƙwararru su zaɓi 'yan wasa, agararsa ta tsinke a wurin gwaji. Allah ya taimake shi ƙungiyar Baltimore ta ɗauke shi duk da haka. Abin da nake so ka lura da shi, ta ƙofar makaranta ya shiga, ba ta hannun dillali ba.

Duk yaran nan ɗalibai ne. Wanda bai ci jarrabawa ba ba ya sa riga. A kakar 2023 guraben karatu kyauta 85 ne kawai doka ta yarda ƙungiya irin wannan ta bayar, kuma masu horarwa suna bin yaran tun suna sakandare, sun san tsayinsu da gudunsu da sakamakonsu. Irin ƙwallonka ma akwai ta a jami'o'in nan, ban ce babu ba, amma ita ma sai da takardar WAEC mai kyau da Turanci, kuma koci ne yake neman yaro, ba a sayar da gurbi a shagon kwamfuta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka, ɓarawo ne. Ban hana ka ƙwallo ba, na san kana da ƙafa, Yaya ya turo mini bidiyon wasanku na unguwa na kalla ya fi sau goma, na nuna wa abokin zamana ina cewa ƙanina ne. Amma ka koma aji. Dala 150 na ware maka, na rajistar WAEC da JAMB da darasin yamma. Yaya ne zai biya da hannunsa ya turo mini hoton rasit. In ka kawo sakamako mai kyau, ni da kaina zan zauna in rubuta wa makarantu, ba sai an biya kowa ba.

Yaya, ko naira ɗaya kada ta shiga hannun mutumin nan. In ya dawo ka ce ni na hana. Na san Inna tana da rauni a kan Auta, zai je ya yi mata kuka ta kwance bakin zaninta. Ka riga shi zuwa wurinta.

Sauran kakar a waje aka yi ta, ba kuɗin da ta kawo mini sai na masu zuwa filin jirgi, amma na bi ta har ƙarshe. Suka doke Iowa 26 da nema suka ɗauki kofin yankinsu. Ranar 1 ga Janairu suka haɗu da Alabama a Kalifoniya, ana binsu 20 da 13 saura 'yan mintuna, mai jefa musu ƙwallo J.J. McCarthy ya ja su suka rama, aka shiga ƙarin lokaci, Corum ya ci, suka tare Alabama a bakin layi, 27 da 20. Wasan ƙarshe ranar Litinin 8 ga wata a Houston, da Washintan. A ɗaki muka kalla ni da abokin zamana ɗan Maraɗi, muna cin tuwon semo da miyar kuka, ragowar kukar da mai ɗakina ta aiko ce. Aka tashi 34 da 13, kofin ƙasa na farko tun 1997. Na tsinci kaina a tsaye ina ihu. Na kira dattijon nan, ya ɗauka ya kasa magana, sai sunan matarsa yake kira. Daga nan na sa takalmi na fita aiki har asuba, domin ɗalibai sun cika gari.

Shi Corum ɗin nan ina ganin girmansa. Tun 2021 aka yarda ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗin talla, shi kuma da nasa yake sayen talotalo yana raba wa marasa ƙarfi a nan Ypsilanti lokacin bikin godiyarsu na Nuwamba. Ka faɗa wa Auta wannan ma.

To an gama. Ranar 13 ga wata aka zagaya gari da kofi cikin dusar ƙanƙara, shi ke nan kowa ya watse. McCarthy da Corum sun tafi neman shiga ƙwararru. Ranar Larabar nan Harbaugh ya karɓi aikin wata ƙungiya a Los Angeles, shekaranjiya Juma'a aka naɗa Moore a gurbinsa. Mutane na ta muhawara ko za su iya maimaitawa. Ni abin da na duba shi ne jadawali: wasa takwas ne a gida a kaka mai zuwa, na farko ranar 31 ga Agusta, mako na biyu kuma Tekzas za ta zo. Daga yau zuwa ranar wata bakwai ne. A tsakani sai bikin yaye ɗalibai a farkon Mayu, bayansa gari ya yi tsit.

Shi ya sa nake maimaita maka, a riƙe kuɗin nan da kyau. Dala 400 ka shiga Dawanau a cikin makon nan, kada ka jira azumi ya matso, yau muna tsakiyar Rajab kuma ka san yadda kaya ke tashi tunda aka cire tallafin mai. Masara da gero da wake, sai sukari in ya samu. A raba biyu, gidanka da na Inna, mai ɗakina a wurin Inna take ci. Dala 250 kuɗin makarantar yara ne, nawa da naka, zango biyu. Dala 200 ka danƙa wa mai ɗakina a hannunta, kai kaɗai da ita, ba a gaban kowa ba, kuma kada a tambaye ta me ta yi da su. Dala 100 ka kai wa Kawu cikon bashinsa, ka yi masa godiya, ka ce ban manta ba. Ɗarin da ta rage ka ajiye ta a dala yadda take, ta taki ce. Gini ya jira. In mai bulo ya zo ka ce sai bayan kaka.

Da na so ya fi haka. Motar ce ta ɗan ci kuɗi, ranar da aka yi dusar nan ta zame da ni ta daki gefen titi, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Ba abin da ya same ni, kada ka faɗa wa Inna. Bayan ma da yake damuna ya yi sauƙi tunda na sa matashi a kujera. Na sa suna a wani sito da ke ɗaukar masu aikin dare, in sun kira zan haɗa biyu har zuwa Agusta. Juma'a ina samunta a masallacin Ann Arbor, nama kuma daga Dearborn nake sayowa, can Musulmi sun yi yawa, ba matsalar yanka. Maganar takardu tana hannun lauya, ya ce a ƙara haƙuri. Na san na ce wannan sallar, na kuma ce waccan. Ba zan sake sa rana ba sai na riƙe abin a hannuna.

Jiya mun kalli yadda Super Eagles suka fitar da Kamaru a Abijan, ci biyun Lookman. Na san kuna gidan kallo ku da Auta. Na so a ce ina kan bencin nan tare da ku.

Mai sunan Inna ta ce mini haƙorinta na gaba ya fita, a ɗauko mini hotonta tana dariya. Ɗan farina kuma na ji an ce ya fara bin yara bakin kwalta da yamma, ka ja masa kunne, kai ne ubansa a nan. Ka gaishe da Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaishe da Yaya babba da yaranta, da Kawu, da Malam na masallacin ƙofar gida, ka ba shi wani abu daga cikin na hatsi a yi wa Baba addu'a. Gwaggo ma ka gaishe ta.

Da ka karɓi kuɗin ka kira ni a sabuwar lambar, ko ƙarfe nawa ne. Na maganin Inna daban, na Auta a hannunka, mutumin fom ko sisi.

Wassalam,
Ƙaninka